Kyamarar Taurari da Mutumin Cikin Rami

Ko da zan manta duk abin da ya same ni a zamana na Abuja, akwai dare ɗaya da ba zai fita daga raina ba. A shekarar da gwamnati ta janye tallafin man fetur ne, lokacin da kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka, mu mutanen Mpape muka koma taka sayyada duk inda za mu. Damina ta ɗauke ke nan. Ciyawa ba ta riga ta bushe ba, sama kuwa kamar an wanke ta da sabulu.

Ni mai gadi ne. A lokacin ina gadin rana a wani wurin buga bulo, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Ban zauna a benci ba sai da furfura ta fara fito mini, domin yarintata a bayan shanu ta ƙare. Shanun suka ƙare, ni ban ƙare ba, shi ya sa na shigo birni.

Ɗakina yana jikin ɗakin wani tsoho Babarbare mai wankin hula. Yakan zaga gidajen manya ya karɓo huluna, ya wanke su, ya sa musu sitaci, ya ɗora su a kan katako su bushe a tsaye, sannan ya mayar wa masu su. Tunda ni Bafulatani ne shi kuma Babarbare, ba mu taɓa gaisawa irin ta mutane ba. Da asuba idan na fito alwala sai ya ce, bawana ya tashi, a zo a ɗebo wa ubangida ruwa. Ni kuma in ce masa tun kakanninsa namu ne, ya yi shiru kafin in mayar da shi garke. Baƙo idan ya ji mu sai ya zaci faɗa muke yi. Amma duk ranar da na kwanta ciwo, shi ke dama mini kunu, yana damawa yana cewa ba don Allah yake yi ba, gudun asarar dukiyarsa yake yi.

Wata ranar Laraba tsohon nan ya fita da hantsi da wankakkun huluna a leda, bai dawo ba. Muka kira wayarsa, a kashe. Washegari na roƙi ogana ya ba ni rana, ni da mai shayin layinmu muka bi duk inda muka san yana zuwa. Muka je ofishin 'yan sanda, muka leƙa asibiti, muka tambayi masu gadin gidajen da yake kai wa hula. Na ƙarshensu ya ce ya ga wucewarsa bayan la'asar, ya nufi gida a ƙafa, da sauran hulunan da bai samu masu su ba. Daga nan babu wanda ya sake ganinsa. Mutum ne mai shekaru, ga hawan jini. Kowa ya san idan aka ƙara kwana ba a same shi ba, to ba mai rai za a nema ba.

A cikin wannan hali na je aji da yamma, don in na zauna a ɗaki ƙofarsa kawai zan yi ta kallo. Malaminmu mutumin Filato ne, ma'aikacin gwamnati, da yamma yake zuwa ya koya mana kyauta. Ticha muke ce masa, shi kuma yana ce mini Malam, ko da yake shi ya koya mini riƙe biro. Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

A makon nan ne ƙanwarsa ta aiko masa da wata kyamara daga ƙasar waje, ya kawo mana ita aji muka gani. Na tuna yadda muka yi ta miƙa wa juna ita muna dariya. Girmanta bai wuce ƙaramin burodi ba, ba ta da nauyi, tana da idanu biyu a gaba, ɗaya na kallon fili ɗaya na hangen nesa, ga wasu gajerun ƙafafu uku da ake ɗaura mata. Na juya ta gaba da baya ina neman inda mutum zai sa idonsa, babu. Wata mata a ajin ta ce a ɗauke ta hoto ta aika wa 'yarta, Ticha ya ce wannan ba ta biki ba ce, ta taurari ce, rana ma ba ta dame ta ba, duhu take so. Muka sake fashewa da dariya. Wa ya taɓa jin kyamara mai son duhu?

Tun ranar ya roƙe ni in raka shi kan dutse, inda fitilun gari ba su kaiwa, tunda na san hanyoyin. Na yi masa alkawarin daren Alhamis. Da ya ji labarin tsohon sai ya ce mu bari. Na ce a'a, mu je, barci dai ba zan yi ba.

Wurin da ya fi duhu a duk yankinmu shi ne bakin tsohon ramin fasa dutse. Wani kamfani ne ya cinye rabin tsauni shekarun baya, ya kwashe injinansa ya tafi, ruwa ya taru a ciki, kore shar, babu wanda ya san zurfinsa. Mutanen unguwa ba su ambaton abin da ke wurin da sunansa, sai dai su ce masu wurin. Akwai wata 'yar hanya da ta bi ta gefen ramin, tana rage tafiya sosai, amma ba a bin ta da tsakar rana, ba a bin ta bayan magariba. A duk neman da muka yi babu wanda ya kawo ramin nan a ransa, saboda tsohon ya fi kowa tsoronsa. Shi ne ma mai yi wa matasa faɗa idan ya ji sun bi ta can.

Bayan isha'i muka hau. Muna kusa da kaiwa Ticha ya ce in kashe tocila, farin haske yana ɓata hoto, yana kuma kashe ido. Ya mayar da hasken wayarsa ja, dishi-dishi, da shi muka lallaba har bakin ramin. Babu wata a daren. Ƙarar janaretocin unguwa ta koma can baya kamar kukan sauro. A gabanmu kuwa babu komai. Ba na ganin ruwan, ba na ganin bangon dutsen da ke ƙetare, baƙi ne kawai kamar an buɗe bakin tukunya. Sanyin ruwan ne kaɗai ke tasowa yana taɓa mini fuska.

Ticha ya kafa kyamarar a kan wani faffaɗan dutse, ya ja da baya, ya taɓa waya. Sai na ji wani ɗan ƙugi, abin nan ya ɗaga kansa da kansa. Ya juya hagu, ya tsaya. Ya juya dama, ya tsaya, kamar makaho mai sauraro. Wani ɗan jan haske yana ƙiftawa a ƙeyarsa. Babu hannun kowa a jikinsa. Na yi a'uziyya a zuci na matsa gefe. Ticha ya ce kada in damu, taurari take dubawa don ta gane inda take a duniya. Wannan bayanin bai kwantar mini da hankali ba ko kaɗan.

Ya tambaye ni wane tauraro nake so. Na ce masa Kaza da 'Ya'yanta, wadda na sani tun ina kwana a daji, ta riga ta taso daga gabas. Kyamarar ta juya ta kafa mata ido. Da farko babu komai a wayar sai baƙi da 'yan ɗigo-ɗigo. Na ce ai idona ma ya fi wannan. Ya ce in yi haƙuri, ita ba ta ƙifta ido, buɗe shi take yi ta bar shi, tana tara haske kaɗan-kaɗan kamar mai tarar ruwan indararo. Muka jira. Hoton ya riƙa cika a hankali. Kazar da na sani da 'ya'ya shida ko bakwai, sai ga ta da 'ya'yan da ba su ƙirguwa, ga wani shuɗin hayaƙi ya lulluɓe su. Na ɗaga kai na dubi sama, shidan nan dai nake gani. Na sake duba waya, ga taro. Na yi tasbihi, amma tsigar jikina ta tashi. Duk shekarun da na yi ina kwana a fili, ashe wannan taron yana bisa kaina ban sani ba. Sai na fara tunanin, to me kuma ke tsaye a gefena da ban gani ba?

Ticha ya ji daɗin yadda abin ya kama ni, ya ce bari ya nuna mini wani wasa da ɗaya idon, na kallon fili. Ya sa na wuce ta gabanta ina tafiya. A hoton na fito kamar hayaƙin itace, ana ganin taurari ta cikin ƙirjina. Ya sa na tsaya cak, na riƙe numfashi. Sai ga ni sarai, har da facin rigata. Ya ce ƙa'idarta ke nan: abin da ya tsaya shi take kamawa, abin da ke motsi hayaƙi yake zama.

Daga nan ya ce zai ɗauki ramin gaba ɗaya da sama a kansa. Muka tsuguna muna kallon wayar. Taurari suka fara fitowa. Sai bakin dutsen ƙetare. Sai bangon, fari-fari, da sawun inji a jikinsa. Sai ruwan. Wurin da idona ke ganin baƙi, ga shi a tafin hannun Ticha kamar da hantsi, sai dai hantsin da ba shi da rana.

Ni na fara ganin su. A kan ruwan akwai wasu abubuwa masu zagaye, farare, a warwatse, kamar kawunan mutanen da suka nutse zuwa goshi. Wasu kuma suna kan gangaren dutsen. Can ƙasa, a kan wani ɗan tudu da ya fito daga jikin bango, dab da ruwa, akwai wani abu fari a zaune.

Ban nuna masa ba. A gidanmu an hana mu nuna abu da yatsa da dare. Ticha ne ya matso da fuskarsa, ya buɗa hoton da yatsu biyu. Na ji numfashinsa ya canja.

"Malam," ya ce a hankali, "wannan dutse ne?"

"Mu tafi, Ticha."

"Tsaya. Bari in sake."

Ya sake ɗauka. Muka ɗaga kai muna kallon wurin da idanunmu, babu komai sai baƙi. Muka sunkuya, ga shi nan a zaune, bai gusa ba. Ticha ya ambaci sunan Yesu, ni ina karanta duk abin da ya zo bakina. Amma shi mutum ne mai taurin kai. Ya taɓa wayar, kyamarar ta yi ƙuginta, ta sauke kai daga sama, ta juya idon hangen nesa ta kafa shi cikin ramin.

Ban san tsawon lokacin da hoton nan ya ɗauka kafin ya cika ba. Na san dai fuska ce ta riƙa fitowa daga cikin baƙi, kamar ana ɗago ta daga ƙasan rijiya. Goshi, da wani baƙin abu da ya gangaro ya bushe a kai. Kumatu, da zanen Barebari. Idanu a buɗe, mu suke kallo, kai tsaye. Na san fuskar. Kullum da asuba ita nake fara gani.

Wanda bai tashi a inda na tashi ba zai ce sai murna. Ni ba murna na yi ba. An faɗa mana tun muna yara cewa masu irin wannan wuri suna iya aro fuskar wanda zuciyarka ke nema, su kira ka da ita har ka taka inda babu ƙasa. Ticha kuma nasa tsoron daban ne. Ya ce mutumin da bai motsa ba duk wannan lokaci, ido a buɗe, ai gawa ne.

Muna nan tsugune sai idona ya sauka a kan hannunsa na dama. Komai na jikinsa ya fito sarai, har maɓallin rigarsa, amma yatsun hannun nan babu su. Hayaƙi ne a wurin, ɗan dunƙule, a kan gwiwarsa. Na nuna wa Ticha da haɓa.

Ya ƙura ido, sannan ya ce, "Yana motsi. Hannun yana motsi."

Na san abin da hannun ke yi. Carbi yake ja. Nan take kawunan da ke kan ruwa suka koma abin da suke tun farko: hulunan mutane ne masu sitaci, sun kife suna yawo.

Ticha ya miƙe ya haɗa hannu a baki ya yi kira, Baba, Baba, kana ji na? Muryarsa ta bugi bangon ƙetare ta dawo mana. Babu amsa. Ya kunna tocila ya haska, hasken bai kai ko rabin ramin ba. Ni ma na yi ƙarfin hali na kira shi da sunansa na yanka, wanda ban taɓa kiransa da shi ba. Na kira har sau uku. Dutse ya maimaita, ya yi shiru. Ticha ya sake ɗaukar hoto, sai muka ga tsohon ya runtse ido gam, hayaƙin hannun kuma ya ƙaru.

A nan na gane. Yana jin mu sarai. Tsohon nan tarbiyyarmu ɗaya da shi: ba a amsa kiran dare, balle a bakin ruwa, balle a wannan rami. Na tsaya na dubi kanmu da idonsa. Mutum yana ƙasa cikin duhu, ya ɗaga kai, ya ga inuwoyi sun zo bakin rami ba fitila. Ya ga jajayen fuskoki biyu suna shawagi ba jiki. Ya ga wani guntun abu mai jan ido yana ƙugi yana juya kai, har ya sauke ido a kansa. Sannan aka kira shi da sunan da ba kowa ya sani ba a Abuja. Ni ma da ni ne, ko za a yanka ni ba zan amsa ba. Mu muna tsoronsa, shi yana tsoronmu, kuma tsoron nan ne ya daskarar da shi har kyamarar ta kama shi.

Ticha ya ce mu gudu mu kira mutane. Na ce idan taro ya zo da dare yana kiransa, zai ƙara ƙulle bakinsa ne, wataƙila ma ya ja jiki ya faɗa ruwa. Kuma gaskiya ni kaina ban gama yarda shi ne ba. Ina son in ji muryarsa kafin in sa wani ya ɗaura igiya ya sauka.

Na matsa bakin ramin. Na gyara murya, na yi irin maganar da nake yi kullum da asuba.

"Kai bawana! Wa ya ba ka izinin kwana a waje?"

Dutse ya dawo mini da ita. Ticha ya kama hannuna, yana zaton na zautu.

"Na ce wa ya ba ka izini? Ga ruwan alwalata ba a ɗebo ba, ga shanu ba a kai kiwo ba, ka zo nan ka zauna kamar hakimi. Dama an ce mini Babarbare ba ya riƙon amana."

Shiru. Har na fara jin sanyi yana hawa mini daga ƙafa, ina cewa a raina, yau na zagi abin da ba a zagi. Sai wani sauti ya taso daga ƙasa, kamar ana jan busasshen kara a kan dutse.

"Uban wa... ne bawanka... ɗan bin shanu?"

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Hawaye suna zuba, ina dariya. Ticha bai tsaya tambaya ba, ya ɗauki tocila ya ruga unguwa, ya bar ni da kyamara.

Zaman da na yi ni kaɗai a bakin ramin nan shi ne abin da har yau nake mafarkinsa. Na san idan tsohon ya yi shiru zai iya sumewa ya zame, don haka na yi ta tsokanarsa. Na ce masa ya zubar da hulunan mutane, gobe manyan gari za su fita da kai a buɗe. Ya ce ko a buɗe sun fi kan Bafulatani, wanda ba komai a ciki sai nono. Da guntu-guntu ya ba ni labari. Ƙafa ce ta gaji, magariba ta kusa, ya ce yau ɗaya dai bari ya yanke. Ruwan damina ya cinye gefen hanyar, ciyawa ta rufe wurin, ya taka, ƙasa ta tafi da shi. Cinyarsa ta karye, waya ta faɗa ruwa. Da rana ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe, amma ƙarar injinan fasa dutse na ƙetaren tsauni ta danne shi. Daga baya ma muka ji wasu mata masu tsintar tsakuwa sun ji nishi daga ramin da tsakar rana, suka kwashe kwanukansu suka bar wurin, ba su faɗa wa kowa ba.

Can sai ya yi shiru. Na kira shi. Ya ce, da wata murya da ba ta wasa ba, "Ɗayan ya tafi da fitila. To wannan dogon da ke tsaye a bayanka, wane ne?"

Mu biyu muka hau dutsen nan. Kyamarar kuwa ko gwiwata ba ta kai ba, kuma tana gefena, ina ganin jan haskenta. Na ji bayan wuyana ya yi sanyi kamar an ɗora mini jiƙaƙƙen tsumma. Ban waiwaya ba. Na san idan na waiwaya, ko na ga wani abu ko ban gani ba, gudu zan yi, in bar shi.

Na ce, "Shi ma bawana ne. Ka kula da kanka."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Muka ci gaba. Ban juya kaina ba har sai da na ji hayaniyar mutane da hasken tociloli yana hawowa.

Mai shayi ne a gaba, da leburorin fasa dutse da igiyoyinsu. Waɗannan sun saba da jikin dutse. Ticha ya nuna musu hoton, suka gane tudun, suka ga inda za a bi. Biyu suka sauka, aka ɗaure tsohon a jikin wani ƙyauren langa-langa da aka ciro, muka taru muna ja. Cikin wannan turereniya ne igiya ta sharo ƙafafun kyamarar. Na ji ƙarar gangarawarta, na ga ɗan jan hasken yana juyawa a iska, sannan ya faɗa ruwa. Bai mutu nan da nan ba. Mun ga jan ɗigon nan yana nutsewa, yana ƙanƙancewa, har baƙi ya haɗiye shi. Babu wanda ya saki igiya. Ticha ma bai saki ba.

Da muka fito da tsohon, leɓunansa duk sun tsage, haƙoransa na gaba sun fita, carbin yana naɗe a hannunsa. Aka ɗiga masa ruwa a baki. Mai shayi ya tambaye shi me ya sa aka yi ta kiransa ya ƙi amsawa. Ya ce masu wurin za su iya sanin sunansa, za su iya aron muryar kowa, amma rashin kunya irin wadda ya ji, sai Bafulatani.

Na ba Ticha haƙuri a kan kyamararsa, wadda daren nan ne farkon fitarta kuma shi ne na ƙarshe. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce, da Hausarsa, "Ya gama aikinsa, Malam." Hotunan da ya riga ya adana suna nan a wayarsa. Ya so ya nuna wa tsohon a asibiti, tsohon ya kau da kai, ya ce shi ya ga wurin da idonsa, ya ishe shi.

Maganar dogon nan kuwa, Ticha ya ce zazzaɓi ne da ƙishirwa. Na koma da hantsi na duba. Akwai wani tsohon ƙarfen shinge da kamfanin ya bari, a tsaye, ba nisa da inda na zauna. Wataƙila shi ne. Na auna da idona, na ga kamar ya ɗan yi gefe da yawa. Ban sake aunawa ba.

Ƙashin bai haɗu daidai ba. Da aka sallame shi ɗansa ya zo daga Borno ya tafi da shi, don mai wankin hula da ƙafa yake ci. Tsohon yakan kira ni ranar Juma'a, kuma bai taɓa fara maganar da sallama ba.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. 'Yar kyamarar nan ba ta fi ni ido ba, haƙuri ta fi ni. Ta kalli duhu ta ƙi kau da kai, har duhun ya nuna mata abin da ke cikinsa. Mu kuwa wurin da muke tsoro shi ne wurin da ba mu duba ba, kuma a nan mutuminmu yake. Na kuma koyi cewa wanda tsoro ya kama ba ya amsa sunansa, sai muryar da ya saba ji da safe. Tun daga lokacin, idan na ji nishi a inda aka ce ba a zuwa, ina yin addu'ata, amma ina tsayawa.

Abin da aka rasa a ramin nan: hulunan mutane goma sha huɗu, waya ɗaya, takalmi ƙafa ɗaya, haƙora biyu, kyamarar Ticha, da tafiyar ƙafar dama ta tsoho. Ni kuma na rasa bawa ɗaya, wanda har yau yake rantsuwa shi ne ubangidan.